Daga Damagaram Zuwa Kawar: Abubuwan Kallo a Doguwar Hanyar Hamadar Tenere

Hamadar Sahara, wadda faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 9, ta fi kusa da ƙasar Hausa fiye da yadda yawancin mazauna Kano da Katsina da Maraɗi suke zato, domin tsakanin Kano da Damagaram tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, daga Damagaram kuwa saura kimanin kilomita 450 a shiga Agadas, birnin da ya daɗe yana matsayin ƙofar hamada ga fatake da mahajjata da masu yawon buɗe ido. Daga Agadas hanya takan rabu: ɗaya ta yi arewa ta bi ta Arlit da Asamaka ta shiga Aljeriya, ɗaya kuma ta yi gabas ta ratsa Tenere, wato shimfiɗaɗɗen yashin da ya kai murabba'in kilomita 400,000, har ta dire a Bilma da sauran garuruwan Kawar bayan tafiyar fiye da kilomita 600. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan yanki a matsayin sarari wanda babu kowa babu komai a cikinsa, alhali wanda ya bi hanyar da idon basira zai tarar da cewa kusan duk abin da ake tsayar da mota domin a kalla, ko gari ne ko zane a jikin dutse ko ƙashin dabba ko kabari, labarin ruwa yake bayarwa: inda ruwa ya taɓa zama, inda ya yi saura, da inda ya ƙare ƙarƙaf.

Inda noma ya tsaya

Damagaram ita ce zango na ƙarshe da matafiyi zai ji yana tsakiyar ƙasar manoma. A tsohon Birni akwai fadar Sarkin Damagaram da gidajen ƙasa masu zanko da zayyana a fuskar zaure, waɗanda aka gina a tsakanin manyan duwatsu masu sulɓi, a ɗaya gefen kuma akwai unguwar Zango, inda fataken Abzinawa suke sauke kaya tun zamanin da ayari ke zuwa daga arewa. Garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar a ƙarƙashin Faransawa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai.

Da zarar an kama hanyar Tanut, wadda ke cikin ƙasar Damargu da aka sani da noman gero, sai ƙasa ta fara sauya kama sannu a hankali. Kuka da gawo sukan ja baya, aduwa da kandili da tumfafiya su maye gurbinsu, gonaki su riƙa nisa da juna, har a kai inda babu shuka sai ƙarangiya da ciyawar da ke tsirowa bayan ruwan farko ta bushe cikin 'yan makonni. Dalilin wannan sauyi yana cikin ƙididdigar ruwan sama, domin Damagaram takan samu kimanin milimita 400 a shekara, Agadas ɗan abin da ya haura 100, Bilma kuwa ba ta cika samun 20 ba. Gwamnatin Nijar ta tabbatar da wannan iyaka a doka tun 1961, inda ta shata layin da noman damina zai tsaya, ta keɓe abin da ke arewa da shi ga makiyaya. A wannan yanki babban abin kallo shi ne rijiya, inda Buzaye da Fulani suke taruwa da raƙuma da shanu masu dogayen ƙaho, a ɗaura igiyar wasaki a jikin jaki ko raƙumi, yaro ya kora dabbar ta yi ta tafiya har wasakin ya iso baki a juye shi a komi, ta yadda mai kallo zai iya auna zurfin rijiyar da nisan da dabbar ta yi.

Bayan an wuce Adarbisnat, kafin a isa Agadas, hanya takan gangara daga wani dogon gefen dutse da ake kira Tigidit, wanda ya yi lanƙwasa ta kudu da birnin. A gindinsa ne ayarin masanin nan na Jami'ar Chicago, Paul Sereno, ya tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba daga jinsin dinoso, wato manyan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru kafin ɗan Adam, aka raɗa mata suna Jobaria tiguidensis a 1999, kuma tsawonta ya haura mita 15. Can kudu maso gabas da Agadas, a wurin da ake kira Gadufawa, Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aikin tono tun shekarun 1960, kuma daga nan aka samu ƙasusuwan wani kada mai suna Sarcosuchus da aka ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 9 zuwa 12, wanda ya rayu a manyan koguna kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. Wanda ya karkata yamma zuwa Ingal zai ga guma-guman itatuwa da suka zama dutse a kwance, idan kuma ya zo a watan Satumba zai riski taron shan gishiri, lokacin da makiyaya suke kawo dabbobinsu su ci ciyawa su sha ruwan yankin mai gishiri, Woɗaaɓe su yi rawar gerewol, Abzinawa su yi sukuwar raƙuma.

Agadas da hasumiyarta

Abin da ido ke fara hangowa a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsayin mita 27, wadda aka gina da zallar ƙasa, faɗinta yana raguwa daga gindi zuwa sama, itatuwa kuma sun fito a jikinta ta kowane gefe domin su riƙe ginin su kuma zama matakala ga magina a lokacin yaɓe. An danganta ginin farko da wani malami mai suna Zakariya a wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya mamaye birnin, aka sake gina ta a 1844, kuma ban da kiran salla ta yi aikin wurin tsaro da alamar da ayari ke dosa daga nesa. Kusa da ita fadar Sarkin Azbin take, sarautar da ƙabilun Abzinawa suka kafa a ƙarni na 15 domin a samu mai raba gardama tsakaninsu da mai kula da hanyar fatauci. Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a birnin a 1850, kuma har yanzu ana nuna gidan da ya zauna. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin, mai unguwanni 11, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Bahaushe ba ya baƙunta a Agadas, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa da tasha, kuma dangantakar ta girmi motoci da kwalta. Gobirawa suna riƙe da tarihin cewa kakanninsu sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu, a cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, sannan baƙin rawani mai sheƙi da Ba'abzine ke naɗawa ranar biki, wanda shuninsa ke kama fata, daga marinar Kura ta ƙasar Kano ake kai shi. A rumfunan maƙeran farfaru ana iya zama a ga yadda ake ƙera sarƙar azurfar nan da aka sani da sunan Agadas: maƙeri ya siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sa'an nan ya fasa yumɓun ya hau goga da zane.

Duwatsun Azbin

Arewa da Agadas duwatsun Azbin suke, baƙaƙen tsaunuka da aman wuta ya bar alamarsa a cikinsu, mafi tsayinsu shi ne Idukal-n-Tages a tudun Bagzam, mai mita 2,022. Tsayin ne ke jawo ɗan ruwan sama a watannin Yuli da Agusta, ruwan ya gangaro ta ƙoramu da ƙarfi na 'yan sa'o'i, ya nutse a ƙarƙashin yashi, inda rijiya marar zurfi take iya cim masa duk shekara. Wannan ne ya sa matafiyin da ya kwashe yini yana karo da tsakuwa zai faɗa kwatsam cikin dausayin Timiya, wato wuri mai ruwa da tsirrai a tsakiyar fako, ya tarar da lambunan lemo da rumman da inabi da dabino, da alkama da masara a ƙarƙashinsu, ga kuma magangarar ruwa da ke zuba cikin tafki a tsakanin duwatsu. Daga lambunan Tabelot da maƙwabtanta ake lodin albasa da dankalin Turawa zuwa kasuwannin kudu. Ba nisa da Timiya akwai kufan Asode, tsohon babban garin Azbin, wanda ragowar masallacinsa da bangayen gidajensa na dutse suke nan babu kowa a ciki.

A kan hanyar Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom tun 1971, akwai wani dutse a Dabus wanda ya cancanci a tsaya a kansa a yi nazari. A shimfiɗar saman dutsen an sassaƙa raƙuman dawa guda biyu, babban yana da tsawon mita 5.4, an fitar da kowane dabbare na fatarsa da geza da kofato, an goge layukan har sun yi santsi, kuma daga bakin kowannensu wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin hoton mutum. Masana sun ƙiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 zuwa 8,000, zamanin da ba a san ƙarfe ba, ma'ana da dutse aka sassaƙi dutse. Mai binciken Faransa Christian Dupuy ne ya fara rubuta bayaninsu a 1987, an kuma ƙirga zane-zane fiye da 800 a kewayen wurin, na shanu da jimina da barewa da zaki da karkanda. Wanda ya yi wannan aiki ya san raƙumin dawa sanin ido, kuma raƙumin dawa ba ya rayuwa sai inda akwai dogayen itatuwa, abin da ke nuna cewa fakon da mai kallo yake tsaye a kansa daji ne a da.

Ta gefen gabas, inda duwatsu suka yi arba da yashi, nan ne masu ɗaukar hoto suka fi ƙauna. A Arakaw tsaunuka sun yi zobe mai ƙofa guda, iska ta tura yashi ta cikinta ya taru ya zama tudu, a Temet kuwa tuddan yashi sun kai kusan mita 300 a gindin tsaunin Gerebun. Wannan yanki duka yana cikin gandun Azbin da Tenere mai hekta miliyan 7.7, wanda aka kafa a 1988, UNESCO ta karɓe shi a 1991, ta kuma sanya shi cikin wuraren da ke fuskantar barazana tun 1992. Barewa da ragon dutse suna nan jefi-jefi, amma jiminar da ake gani garke-garke a da farauta ta ƙarar da ita.

Tsallake Tenere

Kwalta ba ta shiga Tenere, saboda haka tafiyar tana da ƙa'idojin da direbobin Agadas ba sa wasa da su. Ba a fita da mota ɗaya, sai biyu ko fiye, masu jan ƙafa huɗu irin su Land Cruiser da Hilux, ɗauke da durom na mai da jarkokin ruwa da tayoyin safaya da shebur da faifan ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya idan mota ta kafe. Da an shiga yashi mai laushi sai a rage iskar taya domin ta baje ta daina nutsewa, a yi sammako a ci nisa tun yashi yana da sanyi da ƙarfi, a fake da tsakar rana, a ci gaba da la'asar. Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a bazara zafi yakan haura digiri 45, ko da yake a hunturu sanyin dare yana iya sa ruwa ya daskare. A wasu sassan akwai turakun ƙarfe da ayarin motocin kamfanin Berliet ya kafa a 1959 da 1960, ga kuma na'urar GPS da wayar tauraron ɗan'adam, amma da ɗan gari akan ci gari, kuma jagoran da ya san launin yashi da kwanciyar tuddai da matsayin taurari shi ne ke sanin inda mota za ta wuce da inda za ta nutse. Da hantsi kawalwalniya takan bayyana, wato ƙyallin da zafin ƙasa ke haifarwa idan ya karkatar da haske, har ido ya ga tafki a inda babu ɗigon ruwa.

Fiye da kilomita 200 gabas da Agadas akwai wurin da ake kira Bishiyar Tenere, inda wata bishiyar ƙaya ta daɗe tsaye ita kaɗai, har aka sanya ta a taswira. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta bi ruwa har zurfin da ya haura mita 30. Ayarin gishiri sun yi zamani suna yada zango a gindinta ba tare da wani ya sari reshe ya hura wuta ba, sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, aka kwashi gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a madadinta.

Hujja mafi ƙarfi game da tsohuwar Tenere tana Gobero, maƙabartar da ayarin Sereno ya gano a shekara ta 2000, mai kaburbura kusan 200 a gefen wani tafki da ya ƙafe. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin, ta farko daga wajen shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, ta biyu daga 5200 zuwa 2500, kuma tsakaninsu akwai dogon fari da ya kori mutane. An samu ƙugiyoyi da masu na kamun kifi da aka yi da ƙashi, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Masana yanayi sun bayyana cewa sauyin da ke faruwa sannu a hankali a yadda duniya take karkata tana kewaya rana shi ne ya ƙarfafa iskar damina a wancan zamani, ta kai ruwa can cikin Sahara, sa'an nan ta janye kimanin shekaru 5,000 da suka wuce.

Gishirin Fashi da Bilma

Bayan kwanaki a cikin yashi, ganin koren dabinon Fashi, sa'an nan na Bilma a gindin dogon dutsen Kawar, yana da daɗin da sai wanda ya sha tafiyar yake sani. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa a nan tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin ni'ima, kuma inda ya ratsa ta ƙasa mai gishiri, Barebari da Tubawa mazauna wurin sukan haƙa ramuka jere da juna kamar na marina, wasu ja wasu rawaya wasu baƙi-baƙi, su bar rana ta yi aikinta. Idan gishiri ya yi ɓawo a saman ruwa sai a farfasa shi ya nutse, a kwashe tsantsar farin, wanda ake kira beza, domin miya, ragowar kuma a cuɗa da ƙasa a zuba a cikin gungumen dabino da aka fafe, a juye ya bushe ya zama kantu, wanda dabbobi ke lasa.

Domin wannan gishiri ne ayarin raƙuma, da Abzinawa suke kira taglamt, yake tasowa daga Azbin a watan Oktoba ƙarƙashin madugu, kowane raƙumi ɗauke da gero da damin ciyawa, ana ajiye wani kashi na ciyawar a hanya saboda dawowa. Ayari ba ya tsayawa daga safiya har dare ya raba, a kan tafiya ake dama garin gero da cuku da dabino a sha, a kan tafiya ake dafa shayi. Bayanan Faransawa sun nuna cewa ayarin 1906 ya ƙunshi raƙuma kusan 20,000. Bayan an musanya gero da gishiri da dabino, sai a nufi kasuwannin Damargu da ƙasar Hausa, raƙuma su yi rani suna cin kara suna barin taki a gonaki. Manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci, amma ayarin bai mutu ba. Can arewa da Kawar akwai kufan Jado, garin da aka gina da ƙasa mai gishiri a kan dutse, gidaje bisa gidaje, wanda mutanensa suka bari, zuriyarsu kuma suke komawa lokacin girbin dabino. Tun da aka gano zinariya a yankin a 2014, dubban masu haƙa suka kwarara can daga Nijar da Chadi da Sudan.

Abin da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba

Hamadar da ke burge mai kallo ita ce kuma take cin rayuka. A kudancin Tenere akwai wani babban zobe na baƙaƙen duwatsu da aka jera a 2007, da siffar jirgin sama a tsakiyarsa da fasassun madubai 170 a kewaye, domin tunawa da mutum 170 da suka rasu ranar 19 ga Satumba 1989, lokacin da bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA bayan ya tashi daga Njamena. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Hanyar Dirku ta Kawar da mai yawon buɗe ido yake bi da ruwansa da guzurinsa ita ce matasan Afirka ta Yamma suke bi cunkushe a bayan Hilux zuwa Libiya, kuma mai hankali ba zai ɗauki hoton tudun yashi ya manta da su ba.

Yawon buɗe ido ya taɓa zama babbar sana'a a Agadas, musamman a shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar yake ratsa garin, kuma Mano Dayak, wanda filin jirgin saman birnin yake ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa harkar. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita, ta farfaɗo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, sai tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumba 2010 suka sake durƙusar da ita. Direbobi da jagorori da yawa sun koma jigilar baƙin haure, dokar 2015 ta haramta wannan, aka soke ta a Nuwamba 2023. A yau shiga waɗannan wurare yana buƙatar izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro, kuma wajibi ne mai niyya ya nemi sahihin labarin hanya kafin ya ɗaura kaya.

Rauni mafi girma a tsohon tsarin yawon buɗe idon shi ne ya dogara kacokan ga Turawa, ta yadda duk ranar da jiragensu suka daina sauka, maƙeri da mai masauki da jagora sukan rasa abin yi, alhali miliyoyin mutanen da suke cin gishirin Bilma da albasar Azbin, suke kuma jin harshen da ake ciniki da shi a Agadas, ba su taɓa ganin Dabus ko Timiya ba. Jami'o'in Kano da Katsina da Damagaram da Agadas suna da damar shirya wa ɗaliban tarihi da labarin ƙasa ziyarar karatu a duk lokacin da tsaro ya ba da hali, tare da sharaɗin da ya hau kan kowane baƙo: kada ya tsinci kan kibiya ko dutsen niƙa ya sa a aljihu, kada ya rubuta sunansa a kan zane, kada ya ɓata rijiya, kuma ya biya jagora haƙƙinsa cikakke. Al'ummar da hamada take matsowa gonakinta shekara bayan shekara tana da buƙatar ta ga da idonta yadda tafki yake zama yashi, da yadda mutanen Azbin da Kawar suka koyi tattalin ɗan ruwan da ya rage musu har suka rayu a kansa ɗaruruwan shekaru.